Daga Karaye zuwa Penang, da Ai-sin da ke Jin Sanyi

Tun da na dawo, ba na zama a majalisarmu ta bakin tashar Karaye ba tare da wani ya ce, "Injiniya, wai ya Maleshiyar take ne?" ba. Idan na fara bayanin aikin da ya kai ni, Sagir mai gyaran waya sai ya katse ni, ya ce in bar wannan, in faɗa musu ko da gaske ne mutanen can shinkafa suke karyawa da ita. Idan na koma kan shinkafa, Malam Nura ya ce shi aikin yake son ji. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, kowa ya ɗauki inda ya yi masa. Amma ina neman afuwa tun yanzu: gari ɗaya na zauna, mutane kaɗan na sani, don haka kada wani ya ɗauka na san ƙasar duka. Inda na yi kuskure kuma, mai yiwuwa mantuwa ce.

Bayan na gama karatun injiniyan lantarki da hidimar ƙasa, na dawo gida ina koyar da lissafi. Ana nan sai na ga sanarwar wani horo na kusan shekara guda a wata cibiya da ke tsibirin Penang, inda ake koyar da zanen ai-si. Ai-si ita ce 'yar baƙar ƙwayar nan mai ƙafafu da ke cikin waya, wadda Sagir ke cewa ta ƙone duk lokacin da gyara ya gagare shi. An ce duk mai nema ya faɗi abin da yake son ƙerawa. Ni kuwa Baffa Sale ne ya faɗo mini a rai, ƙanin mahaifina da ke Falgore, Falgoren Rogo nake nufi, ba ta daji ba. Shanunsa sun taɓa ɓacewa da rani, ya yi ta bin kasuwanni yana leƙen turaku har ya rame. Sai na rubuta cewa ina son in yi wani ɗan abu da za a rataya wa saniya a wuya, ya riƙa barci, jifa-jifa ya farka ya faɗi inda take, ya koma barci. Wahalar abin ita ce batir. Babu wurin caji a ruga, don haka dole ai-sin da ke cikinsa ta riƙa shan wuta kaɗan-kaɗan, batir ɗaya ya kai ta tun daga kaka har damina. Ban zaci za su ɗauke ni ba. Da suka ɗauke ni ma, sai da na sake tambayarsu ko ba wani Mustafa suke nufi ba.

Inna ta haɗa mini jaka guda ta kayan miya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, da kilishi da wani kawuna ya aiko. Na ce mata ban tabbata za a bari a shiga da su ba. Ta ce, "Kai dai ba ka taɓa tabbatar da komai ba tun kana yaro. Ɗauki."

Motar Kano na shiga ta hanyar Gwarzo. Mun kusa Kabo taya ta fashe. Na fito na tsaya a kan direba ina duba agogo, ina tambayarsa ko safayarsa tana da iska, ko akwai wata motar da za ta biyo baya. Da abin ya ishe shi sai ya ɗago daga tsugune ya ce, "Malam, ƙarfe nawa jirgin naka zai tashi?"

Na ce, "Gobe da yamma."

Ya dube ni, ya dubi sauran fasinja, ya ce, "To don Allah a ba bawan Allahn nan rake ya sha, in samu in ɗaura tayata."

Jirgi bai ba ni tsoro yadda na zata ba. Abin da ya dame ni shi ne inda muka yada zango a wata ƙasar Larabawa, don na ƙi matsawa daga ƙofar da aka ce jirginmu na biyu zai tashi, ko ruwa ban je nema ba, sai daga baya na gane an canja ƙofar tuntuni. Da gudu na isa, takalmi ɗaya a hannu.

A filin jirgin Kuala Lumpur wata ma'aikaciya mai ɗankwali shuɗi ta buɗe jakar Inna. Kilishi ta fara ajiyewa gefe, ta ce nama ba ya shiga, kuma ta faɗa da ladabin da ya sa na ji kamar ni ne ya kamata in ba ta haƙuri. Da ta zo kan kuka sai ta tsaya, ta kira wani abokin aikinta. Koren gari a ƙulle cikin leda, a hannun baƙo, kun san abin da zai zo wa mutum a rai. Na shiga bayanin bishiyar kuka da ganyenta da yadda ake kaɗa miya. Namijin ya lakata ya shinshina, ya ɗaga kafaɗa. Ita kuwa ta kwance ƙullin daddawa, ta kai hanci, ta yi baya da sauri. Ta ce, "Wannan ci ake yi?" Na ce ƙwarai. Ta ɗaure ta tura mini jakar duka, ta ce in tafi Allah ya kiyaye. Ina ganin daddawar ce ta ceci kukar.

Daga nan bas ce ta kai ni arewa, cikin gonakin kwakwar manja da ba su da iyaka, har muka hau wata doguwar gada da ta ratsa teku. Abin da na fi lura da shi a hanyar shi ne babu mai danna ham, kuma masu babur suna sa rigar sama a juye, gabanta a baya.

Tun ina gida aka sanar da ni cewa ɗaki ɗaya zan zauna da abokin aikina, mai suna Firdaus. Wannan suna ya hana ni sukuni, don a wurinmu Firdausi mace ce. Na shirya jawabin da zan yi na neman a canja mini ɗaki ba tare da na ɓata wa kowa rai ba. Da na isa gidan sai wani gajeren saurayi mai ɗan gemu ya buɗe ƙofa da zani a ɗaure a ƙugu, ya ce shi ne Firdaus. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga ranar ya yanke sunana ya koma Mus, don su ba sa barin suna da tsawonsa.

Mai gidan wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, kowa na ce mata Makcik, wato kamar mu ce Goggo. Ita ce ta tabbatar da zancen Sagir. Da sassafe takan kawo shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da 'yan ƙananan busassun kifi, da soyayyiyar gyaɗa, da wani jan yaji mai zaƙi. Sukari a cikin yaji ya ɗaure mini kai da farko, daga baya kuma na koma ina neman ƙari. Gaisuwarsu ba ta da tsawo. Maimakon a tambaye ka kwana da gajiya da iyali, tambaya ɗaya ce: ka ci abinci? Ranar da na kaɗa miyar kuka a kicin ɗinta, Makcik ta buɗe tagogi duka, ta tsaya a tsakar gida tana fifita da faranti. Na jira har sai da lokacin wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi ya zo, wanda warinsa ke riga mai shi shiga gida. Na buɗe tagogin nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki faranti na fita tsakar gida. Ta bi ni da tsintsiya tana dariya.

Shayinsu ne ya fi tuna mini gida. Mai shayin can ma daga kofi zuwa kofi yake zuba shi, yana ɗaga hannu sama har ya yi kumfa, kamar dai na bakin tasharmu. Nakan zauna in yi ta kallonsa.

Shugabarmu a cibiyar wata mata ce 'yar asalin Sin, Madam Tan, siririya mai furfura, ba ta da yawan magana. Ranar farko na gaishe ta yadda aka koya mini: ina kwana, ya gida, ya yara, ya aiki, ya muka ji da ruwan jiya. Ta ajiye biro ta ce, "Mustafa, wani abu ya faru ne?" Daga baya ta saba. Har takan tsaya in gama, sannan ta ce, "Duka lafiya. Ina aikina?"

Yanzu bari in yi wa Malam Nura bayanin aikin, iyakar fahimtata. A cikin ai-si akwai agogo. Ba ya nuna ƙarfe nawa, bugawa kawai yake yi, sau da yawa ƙwarai kafin ka ƙifta ido. Tsakanin bugu da bugu, dole saƙon wuta ya tashi daga wani wuri, ya bi ta ƙananan ƙofofi da ake kira tiransisto, ya isa wani wurin. Idan ya isa kafin bugu na gaba, lafiya lau. Idan ya makara, ya zama kamar wanda ya shiga sahu liman ya riga ya ɗago daga ruku'u: ya zo, amma raka'ar ta wuce shi. Ita kuwa ai-si ba ta san ramuwa ba, sai ta ci gaba da lissafi a kan kuskure.

Da a ce duk ai-sin da aka buga daga zane ɗaya iri ɗaya suke fitowa, da aikin ya yi sauƙi. Amma ba haka ba ne. A kan faifai ɗaya na silikon, wani ma'adini mai kama da gilashi, ake buga su da yawa, kuma kamar wainar da ke cikin tanda suke: ƙullu ɗaya, hannu ɗaya, amma ta tsakiya ta riga ta gefe nuna, wata ta yi kauri, wata ta yi fale-fale. Wata ai-sin takan fito da sauri, sai dai tana zuƙar batir ko tana barci. Wata ta fito da nawa. Masana'anta ba za ta iya hana wannan ba, komai ƙwarewarta. Abin da ya fi muni ga masu irin aikinmu, da zarar ka rage ƙarfin wuta don ka tsimi batir, sai bambancin ya ƙara fitowa fili. Kun san yadda idan wutar gari ta zo ba ƙarfi, fankar wani ɗaki takan juya a hankali, ta wani ɗakin ta ƙi tashi sam, alhali da cikakkiyar wuta ba ka bambance su. To haka.

Saboda haka al'adar masu zane ita ce su gwada zanensu a kwamfuta a kan mafi munin halin da zai iya samun kansa: a ɗauka ai-sin mai nawa ce, batir ya yi rauni, yanayi ya ɓaci. Suna kiran waɗannan halaye kusurwoyi. Kowane gwaji yana cin lokaci, kwamfutocin kuma na kowa da kowa ne, don haka kowane rukuni shi ke zaɓar kusurwoyin da zai riƙa bi. Kuma sau ɗaya tak cibiyar ke aika zane-zane masana'anta a shekara. Wanda nasa bai shirya ba ranar, sai dai ya koma gida da takardar shaida, ba tare da ya taɓa riƙe abin da ya zana ba. Wannan shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ni na zaɓar mana kusurwoyi, kuma zafi na sa a gaba. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Karaye ya san dalili. Na ga batirin waya ya kumbura a aljihu, na ga rediyo ta narke a gaban mota. A aji ma abin da aka koya mana shi ne zafi ke rage wa ai-si sauri. Na yi ta tunanin baƙin akwati a wuyan saniya da tsakar rana, na ƙara zafin gwajin fiye da yadda kowa ya sa, na sake ƙarawa. Firdaus yakan ce, "Mus, saniyar nan kiwo za ta je ko gashi?" Amma bai hana ni ba. Shi a ƙasarsu babu lokacin sanyi ko kaɗan, bai san wani sanyi ba sai na na'urar ofis. Muna ta rage wuta, gwaji yana ta fitowa kore, muna ta murna.

Ana saura kwanaki kaɗan a aika, Madam Tan ta zauna duba aikin kowa. Ta bi namu a hankali, ta gyaɗa kai a wurare da dama, har na fara sakin jiki. Sai ta ce, "Ina sanyi?"

Na ce, "Madam, inda za a kai abin ba a ƙanƙara."

"Ba a sanyi a garinku?"

"Ana ɗan yi, wajen ƙarshen shekara. Amma wataƙila bai kai a kira shi sanyi ba."

"Kuna sa rigar sanyi?"

"Muna sawa. Da asuba har wuta ake hurawa."

Ta ce, "To gwada."

Ta yi mana bayani a taƙaice. Abin da aka koya mini gaskiya ne, amma ga ai-si mai samun cikakkiyar wuta. Idan ka rage wutar har ta kusa iyakar da tiransisto ke iya buɗewa, sai al'amarin ya juye: sanyi ne ke sa ƙofar ta yi tauri, kamar man shanu a ƙwarya da safiyar hunturu. Na taɓa karanta haka, na tuna har shafin. Amma a zuciyata sanyi abin Turawa ne, ban taɓa haɗa shi da Falgore ba.

Muka sa gwajin. Da ya fito, allon ya cika da jan layi. Duk ai-sin da ta fito da nawa, idan asubar sanyi ta same ta, saƙonta zai makara. Kuma da asuba ne ake sakin shanu.

Ni da Firdaus muka fita wurin mai shayi. Hanya biyu na gani. Ko mu mayar da wutar sama, jan layi ya ɓace, amma batir ya ƙare kafin rani ya raba, abin ya zama ba shi da amfani ga Baffa. Ko kuma mu janye zanen. Na ce wa Firdaus ina ganin janyewar ta fi, don bai kamata a aika abin da ba a tabbatar da shi ba.

Ya ajiye kofi ya ce, "Mu janye mu kai wa wa? Kai ka koma garinku, ni in koma ƙauyenmu in ce wa tsohuwata me na yi shekara ina yi?"

"Ban ce lallai ba. Cewa na yi wataƙila."

"Kullum wataƙila. Mus, kai so kake a saukar maka da takarda daga sama cewa ba abin da zai faru."

Na ji zafin maganar, don ban san shi da faɗa ba. Can sai ya ci gaba da mita shi kaɗai, yana cewa laifin agogon ne, bugunsa kawai yake yi, bai damu da ko a jikin mai sauri yake ko a jikin mai nawa ba. Maganar ta tsaya mini. Na ce masa akwai wata dabara da na gani a littafi, ba tawa ba ce, kuma ban tabbata za ta yi mana ba: a ƙera agogon da irin ƙofofin da saƙon ke bi, a kusa da su, a jikin ai-si ɗaya. Idan ai-sin mai nawa ce, agogonta ma mai nawa ne. Idan sanyi ya kama ƙofofin, ya kama agogon tare da su. Kowace ta yi tafiya daidai ƙarfinta.

Firdaus ya ce, "Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun ɗazu. Amma sabon abu ne a ƙurarren lokaci, kuma…"

Bai bari na ƙarasa ba, ya ja hannuna muka koma.

Na gaya wa Madam Tan aibin dabarar tun kafin ta tambaya: da sanyi ai-sin za ta yi komai a hankali, har farkawarta, don haka saƙo zai riƙa zuwa a makare, kuma ba za mu iya cewa ga daidai lokacin da zai zo ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Saniyar tana da alƙawari da wani ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To ku yi. Amma ku bar rata, kada agogon ya fi saƙon sauri ko a ina."

Kwanakin da suka biyo baya ban iya tuna su dalla-dalla. Na dai san Makcik ta riƙa aiko mana da abinci a ƙunshe cikin ganyen ayaba, kuma jan layin ya riƙa raguwa har ya ƙare. Ranar aikawa na roƙi a bar ni in ƙara gwaji ɗaya. Madam Tan ta ce a cibiyar nan al'ada ce wanda ya fi kowa tsoro shi ke danna maɓallin, kuma bana ba a buƙatar ƙuri'a. Ɗalibai duka suka taru a bayana. Na yi bisimilla na danna. Daga nan ta kulle zanen kowa, ta ce haramun ne a sake buɗe shi ko a yi zancensa har sai kaya sun dawo, don ba abin da dubawa za ta ƙara sai ciwon ciki.

Watannin jiran nan su ne na fi kewa yanzu, abin mamaki. Da aka hana ni damuwa da abin da ba ni da iko a kansa, sai na ga gari. Azumi ya same mu a lokacin. Da la'asar akan kafa rumfunan abinci a titi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba kowa na saye. Da Sallah Firdaus ya tafi da ni ƙauyensu, cikin fadamun shinkafa. Na ga manya da 'ya'yansu sun durƙusa gaban iyaye, sun kama hannunsu suna neman gafara, ana kuka ana dariya. Mahaifiyarsa ta ɗinka mini irin kayansu, da ɗan zanen da ake ɗaurawa a kan wando. Gidan kowa a buɗe, ka shiga ka ci, ba a tambayar ɗan wa ne kai. A gida na biyar na ce wa Firdaus ba zan iya ƙara loma ba. Ya ce, "Yi haƙuri, saura gidan kawuna, shi kuma yana riƙo." Da na kira Inna da yamma na ji hayaniyar gidanmu, sai da na koma bayan ɗaki na ɗan tsaya.

Kayan sun dawo a cikin wani ƙaramin kwali da bai kai na takalmi ba. Namu suna jere a faranti, kowace ba ta kai ƙwayar masara ba. Muka riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya a akwatin gwaji mai sanyi da zafi. Ta farko ta farka. Ta biyu ma. Mafi yawansu sun yi aiki, wasu da sauri, wasu a hankali, kamar yadda aka ce. Kaɗan kuma ko motsi ba su yi ba. Na ware matattun ina son in san abin da ya sami kowace. Madam Tan ta zo ta tsaya a kaina, ta ce in bincika biyu don in koya, sauran in bar su. Ta ce, "Wasu haka suke fitowa. Shekaruna nawa a aikin nan, ban taɓa ganin faifan da ya fito duka da rai ba." Ta ƙirga mini rabona a 'yar leda mai sheƙi, ta ce in gaishe da gida, da yara, da aiki, da ruwan jiya.

Ranar tafiyata Makcik ta cusa mini kwalbar jan yajinta a jaka, ta ce in ce wa mahaifiyata ta yi ƙoƙari, amma yaron nan ya cika tunani. Firdaus ya raka ni har tashar bas. Mun yi musabaha, kowa ya kai hannu ƙirji, wanda shi ma irin namu ne. Ya ce, "Akwatin ofis ba garinku ba ne. Ran da ka gwada a wuyan saniya, ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne."

Na jira har sanyi ya kankama, sannan na harhaɗa abin a cikin 'yar roba da igiya, na hau mota zuwa Rogo, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni Falgore. Bayan mun gama gaisawa da Baffa, ya karɓi abin ya juya shi a tafin hannu. Na buɗe na nuna masa ai-sin. Ya kai ta kusa da ido ya ce, "Saboda wannan ɗan mitsitsin ka bar uwarka shekara guda?" Na ce eh, Baffa. Ya ce, "To Allah ya sa albarka." Da yamma ya rataya wa babbar saniyar da sauran ke bi.

Da muka idar da sallar asuba sanyi ya sauko sosai, irin mai sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Baffa ya hura wuta da karan dawa, muka zauna. Na ɗora akwatin karɓar saƙo a gwiwa, na haɗa shi da wayata. Lokacin da na yi tsammanin saƙo zai zo ya yi, ya wuce. Na san zai makara, ni na faɗa da bakina, amma duk da haka na kasa daina duba wayar. Na shiga lissafin ko ratar da muka bari ta yi kaɗan, ko na ɗauko wadda ta fi kowace nawa, ko raɓa ta shiga robar. Baffa yana ta dama furarsa, bai ko dube ni ba.

Sai wayar ta yi ƙara, ɗigo ya fito a kan taswira.

Baffa ya ce, "Ya yi magana?"

"Ya yi, Baffa."

"Ya ce tana ina?"

"Ya ce tana nan gabas da mu kaɗan, wajen gindin ɗorawa."

Ya ɗaga kai ya duba. Saniyar tana tsaye a gindin ɗorawar, tururi na fita daga hancinta. Ya ce, "Ai ga ta can, ni ma ina ganinta."

Na kira Firdaus. A can rana ta riga ta take, ina jin ƙarar cokula a bayansa. Na fara yi masa bayanin cewa ta makara, kuma sau ɗaya ba ya zama hujja, sai an ga kwanaki. Ya ce, "Mus. Ta farka ko ba ta farka ba?" Na ce ta farka. Ya yi wani ihu da har Baffa ya ji, ya tambaye ni ko lafiya yaron yake.

Da hantsi na je zan kwance abin in tafi da shi gida in ƙara dubawa. Baffa ya riƙe igiyar ya ce, "Bar mata shi. Nan gaba kaɗan ruwa zai janye, za su fara nisa."

Har yau yana wuyanta. Ko batirin zai kai damina, ban sani ba tukuna. Kullum da safe nakan duba wayata in ga ko saƙonta ya zo.